Ba a kira sunana a gidauniyar coci ba, mako uku ke nan ban je sujada ba

Mai Walda:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, yau dai abin ya ci ni har sai na yi magana. Ku yi haƙuri da tsawon zancen.

Rufin majami'armu ya tsufa. Daminar bara har robobi ake jerawa tsakanin bencuna, fasto na wa'azi ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Sai dattawa suka sa ranar gidauniya don a sauya kwano. Ni walda nake yi, ba wani mai hali ba ne, amma na yi wata huɗu ina tarawa har na haɗa naira dubu 150. Ranar Laraba kafin gidauniyar na kai wa ma'aji a ambulan, ya ƙirga a gabana, ya rubuta.

Ranar Lahadi na sa shaddata ta Kirsimeti, ba zan ɓoye muku ba, har takalmi na goge. Magatakarda ya tashi ya fara karanto sunaye. Wane dubu 20, mata su rangaɗa guɗa. Wance dubu 5, 'yan Zumuntar Mata su buga tulu. Wani babban mutum da muke gani sau biyu a shekara ya yi alkawarin rabin miliyan, alkawari fa, ba kuɗi a hannu ba, aka miƙe tsaye ana tafi, aka kai shi kujerar gaba kusa da dattawa. Ina benci na uku ina jira. Aka gama, aka rufe littafi, aka yi addu'a. Babu sunana. Matata ta dafa gwiwata ta ce in yi shiru.

Mako uku ke nan ban taka wurin ba. Jiya fasto ya aiko a faɗa mini girman kai ne ke damuna, in yi biyayya in dawo. Abin da nake tambaya: wanda aka yi wa ba daidai ba, in ya ji zafi, girman kai ne? Kuma biyayyar nan da ake ta faɗa, ga Allah ce ko ga fasto?

Maman Tagwaye:
Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka haƙuri. Dubu 150 a wannan zamani ba wasa ba ne, gumin ka ne. Amma ka yarda in tambaye ka abu ɗaya, kada ka amsa mini, ka amsa wa kanka. Da a ce ranar ba a karanta sunan kowa ba, aka ce kawai an samu kaza, a gode wa Allah, da ka koma gida da farin ciki? In i, to ba sunanka da aka tsallake ne ciwon ba, tafin da aka yi wa wancan mutumin ne. In kuwa a'a, to takalmin nan da ka goge yana da labari.

Ɗan Matasa:
Mama ku yi haƙuri, amma kullum haka ake yi. A cuci ƙaramin mutum, in ya yi tari a ce girman kai. Me ya sa ba a aika wa magatakarda saƙon tuba ba? Ku buɗe Yakubu sura 2. Mutum ya shigo da zoben zinariya da tufafi masu ƙyalli aka ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci kuwa aka ce tsaya can ko ka zauna ƙasa. Yakubu bai kira wannan girmama baƙo ba, ya ce mun zama alƙalai masu mugun tunani. Abin da aka yi a cocin ɗan'uwan nan ke nan, kalma da kalma. Ni a ganina a daina karanta sunaye gaba ɗaya. Coci ne ko gidan biki da maroƙa?

Tsohon Malami:
Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Kujerar gaba saboda alkawarin kuɗi, wannan kam Yakubu ya riga ya yanke hukunci a kai, ba ni da abin ƙarawa. Amma a ce faɗin suna shi kansa zunubi ne, a nan zan ja da kai.

Duba 1 Tarihi 29. Dauda ya tsaya gaban taro ya faɗi abin da ya bayar daga aljihunsa don ginin Haikali, talanti 3,000 na zinariya da 7,000 na azurfa, sannan ya tambaya wa zai bayar. Shugabanni suka biyo baya. Nehemiya sura 3 kuwa kusan duka jerin sunaye ne, wane ya gyara nan, wane ya gyara can, har da Shallum da 'ya'yansa mata. Har waɗanda suka noƙe an rubuta su: manyan mutanen Tekowa da suka ƙi sa wuyansu a aikin. Barnaba ma ya sayar da gona ya kawo kuɗin gaban manzanni, sunansa na nan har yau a Ayyukan Manzanni 4.

Sai dai ku lura da abin da ya biyo bayan Barnaba nan da nan. Hananiya da Safiratu, waɗanda suka sayar da fili suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka yi kamar duka suka kawo. Sun ga yadda aka yaba wa wani, su ma suka so irin wannan yabon a kan farashi mai rahusa. Ashe tun ikkilisiyar farko gidauniya wuri ne mai santsi. Abin da ya riƙe Dauda shi ne addu'ar da ya yi a aya ta 14, inda ya ce wane ni, wane jama'ata, ai daga hannunka muka ɗauka muka ba ka.

'Yar Mawaƙa:
Baba Malam, ni abin da ke ruɗa ni ke nan. A Matiyu 5 Yesu ya ce haskenku ya haskaka a gaban mutane su ga ayyukanku masu kyau. A sura ta 6, cikin wa'azi ɗaya fa, ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. To a nuna ne ko a ɓoye?

Tsohon Malami:
Karanta ƙarshen kowace aya, 'yata. Ta farko ta ƙare da su ɗaukaka Ubanku da ke Sama. Ta biyu ta yi maganar masu busa ƙaho don mutane su yabe su. Aikin ɗaya ne, inda yabon ya sauka ne ya bambanta.

Dattijon Ikkilisiya:
Na karanta duka. Ɗan'uwa Mai Walda, shekarata 22 ina dattijo, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ka koma. Hausawa sun ce bin na gaba bin Allah, Ibraniyawa 13:17 ma ta ce ku yi biyayya ga shugabanninku domin su ne masu tsaron rayukanku, za su kuma ba da lissafi. Fastonka ya aiko, bai kamata ka tsaya kana auna ko ya yi daidai ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yaran yanzu kowa na son a bi shi gida a ba shi haƙuri. Girman kai rawanin tsiya.

Ɗan Matasa:
Baba, da girmamawa, bin na gaba bin Allah karin maganar Hausa ce, ba aya ba ce. Na gaba ne suka hana Bitrus da manzanni wa'azi, suka amsa cewa wajibi ne mu yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Na gaba ne ya umarci ungozomomin Ibraniyawa, Shifra da Fuwa, su kashe jarirai maza, suka ƙi, Allah ya sa musu albarka. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Da suna wannan zauren da an ce duk rawanin tsiya suka naɗa.

Dattijon Ikkilisiya:
Wa ya hana ɗan'uwan nan wa'azi? Wa ya ce ya kashe jariri? Cewa aka yi ya zo sujada. Kana ɗaukar gatari kana kashe sauro, yaro.

Maman Tagwaye:
Kai, wannan amsar ta Baba ta shiga.

Mai Walda:
Na gode muku duka. Mama, tambayarki ta hana ni barci, ban gama da ita ba. Amma ku fahimce ni. Ba tafi nake nema ba. Ina da yara uku, na jinkirta kuɗin makarantar babban saboda wannan alkawari da na yi wa Allah. Surukina yana cikin cocin, ya san na ce zan bayar. Yanzu yaya zai ɗauke ni? Mai cika baki? Kuma ta ina zan san kuɗin sun shiga asusu, tunda ba a ambata ba? Fasto bai tambayi abin da ya faru ba, ya dai aiko da hukunci.

Mai Bishara:
Ɗan'uwa, ka ce ba tafi kake nema ba, sai kuma ka ce yaya surukinka zai ɗauke ka. Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba. Na faɗa ne domin na taɓa zama inda kake zaune, kuma akwai labarin da ya kama ni a wuya a lokacin. Ka ba ni dama in ɗan yi tsawo.

1 Sama'ila 15. Kowa ya haddace aya ta 22, biyayya ta fi hadaya, amma kaɗan ne ke karanta abin da ke kewaye da ita. An aiki sarki Saul a kan Amalekawa da umarni bayyananne. Ya ci yaƙi, ya bar sarki Agag da rai, ya bar tumaki da shanu mafi kyau. Da safe annabi Sama'ila ya fita nemansa, aka ce masa ai Saul ya biya ta Karmel ya kafa wa kansa al'amudin tunawa, ya wuce Gilgal. Ka ji fa. Kafin ya kai rahoto ga wanda ya aike shi, ya riga ya rubuta sunansa a dutse.

Da suka haɗu, Saul ne ya fara magana, da fara'a, ya ce ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce to wannan kukan tumakin da nake ji fa? Saul ya ce ai don hadaya aka kawo su. Wato rashin biyayyar ma ya sa mata rigar baiko. Sama'ila ya tuna masa lokacin da yake ƙarami a idon kansa. Daga baya ya amsa laifi, ya ce tsoron jama'a ya ji. Amma ayar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta 30. An faɗa masa Allah ya ƙi shi, mulki ya tafi, abin da ya roƙa shi ne: na yi zunubi, amma ka girmama ni a gaban dattawan jama'ata. Bai roƙi a gyara tsakaninsa da Allah ba kamar yadda ya roƙi kada a gane a waje.

Mu a nan arewa wannan ciwon ya fi kama mu, domin an rene mu da kunya da mutunci. Kada a ji, kada a gani, me za a ce. Abu ne mai kyau a wurare da yawa, yana hana ɓarna. Amma kunya ba tawali'u ba ce. Mai kunya idonsa na kan mutane, yana sunkuyar da kai yana leƙen wa ke kallo. Mutum na iya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, zuciyarsa na tsaye ƙyam da hula.

Nawa labarin: na yi shekara shida a wani ƙauye, daga mutum tara muka kai cika ɗaki. Ranar keɓe ginin aka gayyato manya daga gari, aka gode wa kowa har mai janareta, ni aka sa ni jera kujeru. Na yi wata biyu ina wa'azi a kan rashin godiya, kowace Lahadi da sabuwar aya, ina tsammani kishin Allah ne ke cina. Wata tsohuwa ce ta tare ni bayan sujada ta ce, Malam, wa ya ɓata maka rai ne, ka faɗa mana mu ba ka haƙuri mu koma jin bishara.

Ka ba Allah dubu 150. Shi bai tsallake shafi ba. Abin da ya rage shi ne ko baikon ya isa a haka, ko sai an haɗa da guɗa.

'Yar Mawaƙa:
Tsohuwar nan ta gama da ni. Mu mawaƙa ma sai a hankali. Ranar da aka ba wata baitin da na saba ja, na yi mako biyu ina cewa mura nake yi.

Katikis:
Bari in kawo abin da muke koyarwa a wajenmu Katolika. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rasu a shekara ta 430. Wani ɗalibi ya rubuto masa da tambayoyi, a cikin amsar ya ce hanyar kaiwa ga gaskiya ta farko tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku tawali'u. Dalilin da ya bayar ne ya shafi zancenmu. Ya ce sauran munanan halaye a cikin zunubi ake jin tsoronsu, amma girman kai har a cikin aikin kirki sai an yi tsaro da shi. Mashayi ya san inda rauninsa yake. Mai azumi da mai bayarwa su ne ba sa jin shigowarsa. Bafarisiyen Luka 18, wanda ya yi taƙama da ibadarsa cikin addu'a, bai yi ƙarya ba fa, da gaske yana azumi sau biyu a mako, da gaske yana fitar da ushiri. Duk da haka mai karɓar harajin da ya tsaya nesa yana roƙon jinƙai ne ya koma gida baratacce.

Waliyyi Benedik kuma, a ƙarni na 6 a Italiya, ya jera matakai 12 na tawali'u cikin ƙa'idar da ya rubuta wa sufaye. Ya kwatanta su da tsanin Yakubu, sai dai a juye: da ɗaukaka kai ake sauka, da ƙasƙantar da kai ake hawa.

Mu ranar Alhamis Mai Tsarki Fada, wato firist ɗinmu, yakan wanke ƙafafun mutum 12. A 2013 Fafaroma Francis ya je gidan yarin matasa a Roma ya yi wannan, cikin waɗanda ya wanke wa har da 'yan mata da Musulmi.

Ɗan Garkida:
Katikis ya taɓo gidanmu. Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, tun zuwan mishan na 'Yan'uwa Garkida a 1923, wankin ƙafa yana cikin abin da muka gada, kuma ba shugaba kaɗai ke yi ba, kowa yakan wanke wa na kusa da shi, maza gefe mata gefe. Abin da ba a faɗa maka sai ka yi shi ne, wanke wa wani ya fi sauƙi a kan a wanke maka. In kai ne da tawul, kana jin kanka wani waliyyi. Amma ka zauna, ka cire takalmi, dattijo mai furfura ya durƙusa ya kama ƙafarka mai faso da ƙurar hanya, nan ne za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. A ranar na gane Bitrus da ya ce ba za ka taɓa wanke ƙafata ba. Da jin maganar kamar ladabi ce, amma Yesu bai karɓe ta a matsayin ladabi ba.

Malamar Jinya:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma dole in faɗa. Duk abin da aka kawo gaskiya ne, sai dai kalmomin nan biyu, tawali'u da biyayya, na ga yadda ake mayar da su bulala. A wurin aikina na ɗinke goshin mace, na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa kowa ba, ta ce ta faɗa, an ce ta yi biyayya ta ƙara addu'a. An karanta mata Afisawa 5:22, ba a karanta wa mijin aya ta 21 da ta 25 ba. Don haka in na ji shugaba ya yi saurin cewa girman kai ne, kunnena yakan tashi.

Yesu da kansa, da aka mare shi a gaban babban firist, bai yi shiru ba. Ya ce in mugun abu na faɗa a kawo shaida, in kuwa daidai ne don me ka mare ni. Bulus da Sila an yi musu dūka a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce sam, mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Wannan Bulus ɗin ne ya rubuta wa Filibiyawan nan cewa Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, ya yi biyayya har mutuwa ta gicciye. Ashe ana iya riƙe biyun tare.

Ɗan'uwa Mai Walda yana da haƙƙin tambayar ina kuɗinsa. Wannan ba girman kai ba ne.

Dattijon Ikkilisiya:
'Yata, zancen dūka daban ne, ban taɓa ce wa mace ta zauna a kashe ta ba, kuma duk dattijon da ya faɗi haka zai amsa a gaban Allah. Amma kada mu buɗe ƙofar da kowa zai ce shi Bulus ne a Filibi. Yau suna, gobe kujera, jibi ya buɗe nasa cocin a gareji. Diyotarifis na 3 Yahaya, mai son zama na farko, ba a waje ya fito ba.

Ɗan Matasa:
Baba, Diyotarifis ai shugaba ne, shi ke korar mutane daga ikkilisiya. Wannan ayar ku ta fi shafa.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Matasa, sassauta. Baba ya haife ka. A ci gaba da muhawara amma ban da jifa.

Ɗan Matasa:
Na janye yadda na faɗa. Baba a yafe mini.

Dattijon Ikkilisiya:
Ya wuce. Kuma ka yi gaskiya, shugaba ne. Na sake dubawa.

Ma'ajin Wata Coci:
Ni dai ba malami ba ne, lissafi na sani. Ɗan'uwa, an ba ka rasit ranar Laraba? In ba a ba ka ba, kuskuren farko ke nan, kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Abin da na sha gani shi ne, kuɗin da aka kawo kafin ranar yakan shiga littafin ma'aji, magatakarda kuma yana karanta takardar da aka rubuta a bakin ƙofa ranar Lahadi. In ba su zauna sun haɗa ba, wanda ya riga kowa bayarwa shi ake mantawa. Ka je wurin ma'aji kai kaɗai, ba a gaban mutane ba, ka ce ka zo ganin shafin. Matiyu 18 ma da haka ta fara, tsakaninka da shi. Ma'aji mai gaskiya ba ya jin haushin a duba littafinsa, daɗi ma yake ji.

Maman Tagwaye:
Kun ga, mako uku yana gida yana dafa zuciya, alhali tafiyar minti goma ce. Wannan ya tuna mini Na'aman. Babban jarumi mai ciwon kuturta, ya taho daga Suriya neman warkarwa da dawakai da azurfa da zinariya, annabi Elisha ko fitowa bai yi ba, ya aiko ɗan saƙo ya ce je ka yi wanka sau bakwai a Urdun. Mutumin ya fusata. Ya ce shi ya zaci za a fito a tsaya a kira sunan Ubangiji a kaɗa hannu a kan wurin. Har ya fara yabon kogunan garinsu, Abana da Farfar. Bayinsa ne suka ce, baba, da abu mai wuya aka sa ka ai da ka yi.

Ɗan'uwana, abu mai wuyar ka riga ka yi, wata huɗu kana tara kuɗi a gaban wutar walda. Ƙaramin ne ya gagara, wato ka taka ka shiga ta ƙofar nan ana kallonka. Kai ma ɗan saƙo aka aiko maka, shi ne ya ƙara maka zafi, ko ba haka ba?

Mai Walda:
Haka ne Mama. Da fasto ya zo da kansa da tuni na koma.

Mai Bishara:
Ya kamata ya zo, wannan gaskiya ce. Makiyayi ne ke bin tunkiya, ba aike ake mata ba. Amma wannan nasa lissafin ne, shi zai bayar. In ka jira sai ya yi nasa kafin ka yi naka, ka ɗaura biyayyarka ga Allah a ƙafar wani mutum. Ka tambaya ga wa biyayyar take. Zuwa sujada ba fasto ne ya ƙirƙiro ba, kuma ba shi ake yi wa ba.

Mai Walda:
'Yan'uwa, na dawo da labari. Jiya da yamma na rufe shago na je gidan ma'aji. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa, na uku na yi sallama. Yana ganina ya ce dama yana ta jin nauyin zuwa wurina. Ya ɗauko littafin, ga sunana, ga dubu 150, ga kwanan wata. Yadda Ma'ajin zauren nan ya faɗa haka ya faru, ba su haɗa takardun ba. Mu uku ne aka tsallake.

Ɗaya a ciki wata mama ce mai tuyar ƙosai a bakin titi, dubu 4 ta bayar. Na tambaya ita fa, ta yi fushi? Ya yi dariya ya ce fushi kai, ranar Litinin da sassafe ta same shi da magatakarda, ta wanke su tas, ta ce kuɗinta ba na tsintuwa ba ne, a nuna mata inda aka rubuta. Aka nuna mata. Ranar Asabar kuma ta zo da tsintsiyarta shara kamar kullum. Ban san me zan ce ba. Ta yi abin da Malamar Jinya ta faɗa, ta yi abin da Baba Dattijo ya faɗa, duk a mako ɗaya, ni ina gida ina ƙirga kwanaki.

Daga nan muka wuce gidan fasto tare. Ya ce bai san an tsallake sunaye ba sai bayan ya aiko saƙon, ya ba ni haƙuri. Maganar kujerar gaba kuwa na faɗa masa, ya yi shiru, ya ce zai kai gaban dattawa. Ban sani ba ko zai kai. Ya tambaya ko a sanar da sunana ranar Lahadi, na ce a bari.

Amma tunda gaskiya muke faɗa, a kan hanyar gida na kama kaina ina tunanin ko zai ba da misali da ni a wa'azi, wani ɗan'uwa da ya ce kada a kira sunansa. Har na fara jin daɗi.

Ɗan Matasa:
Yaya, ka hana a faɗa wa coci ɗaya, ka zo ka faɗa wa zaure mai mutum ɗari uku.

Mai Walda:
Ka kama ni. Ka bar ni haka, na sha isasshe wannan makon.

Maman Tagwaye:
Ku ƙyale shi. Ɗan'uwa, ranar Lahadi ka je da wuri kada ka shiga ana tsakiyar waƙa kowa ya waiwayo. Ka gaishe mini da uwargida, ita ta fi mu duka sanin abin da ta sha a mako ukun nan.

'Yar Mawaƙa:
Mai rabin miliyan fa, ya kawo?

Mai Walda:
Ban tambaya ba. Na so in tambaya ƙwarai, harshena har ƙaiƙayi yake yi. Fasto dai ya ce ƙofar makarantar Lahadi ta ɓalle, in zo da injina ranar Asabar.

Ma'ajin Wata Coci:
Rasit ɗin fa, ka karɓa?

Mai Walda:
Kai, na manta. Sai Asabar ɗin.